Tarihin Shirye-shiryen Talabijin Masu Nuna Fasaha, da Abin da Ya Shafi Birnin Kano

Wannan darasi na hakimai ne da magatakardansu, musamman masu riƙe da unguwannin cikin ganuwar Kano. Nufinsa a san asalin shirin talabijin mai nuna masu fasaha a bakin aikinsu, a kuma san abin da ya wajaba in masu ɗaukar hoto sun sauka ƙasar hakimi.

1. Asalin abin. A shekarar 1958 gidan BBC na Ingila ya soma wani shiri mai suna Monitor, a hannun Huw Wheldon. Akan je wurin mai zane, ko mawaƙi, ko marubuci, a nuna aikinsa, a kuma ji ta bakinsa. Shirin ya tsaya a 1965. Omnibus ya biyo baya daga 1967 har 2003, Arena kuwa, wanda aka fara a 1975, ya cika shekara 50 a 2025. Ga amfanin daɗewar nan: da yawa cikin waɗanda aka ɗauka sun rasu, amma aikin hannunsu da muryarsu suna nan a ajiye.

2. Zuwansa ƙasar nan. Kafin talabijin, majigi jama'a suka sani, watau motar gwamnati ta zo da dare ta kafa farin ƙyalle a fili. An buɗe gidan talabijin na Ibadan a 1959, na Kaduna a 1962, sa'an nan aka kafa NTA a 1977. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, Jihar Kano ta sami nata gidan, CTV, wanda yanzu ake kira ARTV.

3. Kano a idon duniya. A 1984 aka nuna shirin Basil Davidson mai suna Africa, kashi takwas. A ɗaya daga ciki ya shigo Kano, aka ɗauki zaman fada a Gidan Rumfa zamanin Sarki Alhaji Ado Bayero. Sarki ya rasu a 2014, amma yaron da bai riski zamaninsa ba yana iya ganin yadda fadar take. Gani ya kori ji.

4. Abin da ya wajaba. Fada ta sami mai ɗaukarta, saura masu sana'a. Ramukan rini da yawa a marinar Ƙofar Mata sun bushe, kuma duk dattijon da ya rasu cikin marina, ko dukawa, ko maƙera, da saninsa yake tafiya. Saboda haka in masu ɗaukar hoto sun zo, lalle ne hakimi ya haɗa su da mai unguwa da shugaban sana'ar, kada kuma a ɗauki kowa sai da yardarsa. Magatakarda shi kuwa ya rubuta ranar, da unguwar, da cikakken sunan kowane mai sana'a, da na wanda ya koya masa. A roƙi baƙin su bar kwafin abin da suka ɗauka, a ajiye shi tare da takardar.

Hoton da ba a rubuta sunan mai shi ba, bayan shekara 30 ba mai iya faɗin ko wane ne. Wanda aka rubuta kuwa, jikokinsa za su gan shi su shaida shi.