Kafin a Yanke wa Yaro Linzami, a Duba Kunnensa

Aikina gyaran furucin yara ne, kuma da yawa daga cikin yaran da ake kawo mini saboda nauyin baki sun riga sun biya ta wurin wanzami. An yanke linzami, wani ma har an cire masa beli, amma magana shiru. Abin yana ci mini rai, domin an zubar da jinin yaro a wurin da matsalar ba ta nan.

Magana daga kunne take farawa. Sai yaro ya ji sauti sau da yawa kafin ƙwaƙwalwarsa ta koya wa leɓe da harshe yadda za su fitar da shi. Tsakanin wata 6 zuwa 10 yake fara gwaranci, “ba-ba-ba”, “ma-ma-ma”, domin sautukan leɓe sun fi sauƙi, kuma yana kallonsu a bakin uwarsa. Wajen shekara ɗaya kalmar farko take fitowa. Idan ya cika shekara biyu, ana sa ran yana da kalmomi kamar 50, yana haɗa biyu: “Mama ruwa”.

To, a nan ne iyaye suke rikicewa. Yaro ya ce “luwa” maimakon ruwa, ko “taza” maimakon kaza, ko ya datse shinkafa ta koma “kafa”, sai hankali ya tashi. Wannan tsamin baki ne na ƙuruciya, kuma yana da tsari. Ana furta “k” a can bayan baki, shi kuwa yaro gaban baki ya fara mallaka, shi ya sa yake musanya ta da “t”. Hausa kuma tana da sautuka masu wuya: ƙ da ts suna buƙatar a rufe maƙogwaro a tunkuɗo iska, ɓ da ɗ suna da nasu salon, ga “r” iri biyu, ta ruwa da ta carbi. Ba abin mamaki ba ne waɗannan su makara. Wani nazari na 2018 da ya tattara bayanai daga harsuna 27 ya nuna cewa yawancin baƙaƙe suna daidaita a bakin yara zuwa shekara 5.

Abin da ke tayar mini da hankali daban ne. Jaririn da ya kai wata 10 babu gwaranci. Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa daga baya. Wanda ya fara magana sannan ya daina. Mai shekara huɗu da baƙo ba ya gane zancensa. Jaririn da ba ya ji ma yana kuka, yana dariya, yana ’yan gunaguni, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. Tambayata ta farko ga uwa ita ce: ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda? Ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa? Kunnensa yana zubar da ruwa? Duk waɗannan suna iya rage ji. Linzami kuwa, ko da na gaske ne, ya fi shafar kama nono, ba ya hana yaro tara kalmomi.

Haka kuma, jin harsuna biyu a gida, Hausa da Fulatanci ko Turanci, ba ya jawo jinkiri. Kada a hana yaro jin su.

Iyaye mata, ku riƙa yi wa yaro hira ido da ido lokacin wanka da cin abinci, a rage ba shi waya. Idan ya ce “luwa”, kada a yi masa dariya ko tsawa, a ce masa “E, ga ruwa”. In kun ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ku daina jiran “zai yi, babansa ma haka ya yi”. Ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ku nemi a yi masa gwajin ji.