Kafin a Sayi Manhaja, a Fara Auna Buhu

Aikina nazarin bayanan kasuwanci ne, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki iyayenmu ne 'yan kasuwar hatsi mazauna Ƙofar Dawanau da kewayenta, masu sammako zuwa kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina. Kasuwar, wadda aka kafa a 1985, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga nan masara da gero da dawa suke wucewa Nijar da Chadi, riɗi da soɓorodo kuma su tsallaka teku.

Tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023, ciniki mai yawa ya koma tiransifa da POS. Kowane alat da ya shigo waya yana ɗauke da suna da adadi da lokaci. Ga saƙonnin farashi da ke yawo a WhatsApp, ga takardun sikeli, ga rasit ɗin tireloli. Wannan tarin shi ake kira manyan bayanai: suna da yawa, suna shigowa da sauri, kuma iri-iri ne. Idan an tace su da kyau, ɗan kasuwa zai ga watan da wake ya saba tashi, da abokin cinikin da bashinsa yake daɗewa, da kayan da kuɗin sito yake cinye ribarsu. Shi ya sa ake ta tallata muku manhajoji. Ba na hana ku saye, Alhazaina, amma ku saurari abin da nake gani a littattafanku.

Alat yana faɗin kuɗi, ba ya faɗin kaya. Sai na koma littafi, in tarar an rubuta "buhu hamsin". Wane buhu? Wanda aka cika a kasuwar ƙauye da kwano mai tozo, ko wanda aka sake ɗurawa a nan aka ɗora kan sikeli? Sabuwar masarar kaka ce mai sauran laima, wadda za ta rage nauyi a sito, ko busasshiya ce ta bara? Ku kuna ganewa da ido da hannu, ku damƙi hatsi ku san ƙimarsa. Kwamfuta ba ta da wannan. Duk abin da aka rubuta mata buhu, a matsayin abu ɗaya take lissafa shi, sannan ta fito da zane mai kyau da zai ce an ci riba, alhali asara ce ta ɓuya a cikin bambancin nauyi. Haka sunaye. Mutum ɗaya yaron shago ya rubuta shi da laƙabinsa, dillali ya rubuta sunan garinsu, banki kuma ya nuno sunan ƙaninsa da ya tura kuɗin. A wurin manhaja mutum uku ne, bashinsa ma ya rabu uku. Mafi yawan lokacina a wannan gyara yake tafiya, ba a lissafi ba.

Ko da an gyara, hasashen kwamfuta daga abin da ya wuce take gina shi. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. A 2023 an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, darajar naira ta faɗi a watan Yuni, juyin mulkin Nijar na Yuli ya sa an rufe iyaka har Maris ɗin 2024. Babu lissafin da aka gina kan farashin shekarun baya da ya hango waɗannan. Duk wanda ya ce muku manhajarsa ta san farashin gero na watan gobe, ku tambaye shi yadda ta yi a waɗancan shekarun.

Masu fitar da kaya waje kuma su tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari. Mai saye na waje yana son sanin inda kaya suka fito, da siton da suka kwana, da maganin da aka sa musu. Wannan ba a ƙirƙirarsa daga baya. Ranar da kaya suka sauka ake rubuta shi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A kowane layi na littafi a sa kwanan wata, da nauyi a kilo, da kasuwar da aka sayo, da suna guda tabbatacce ga kowane abokin ciniki. Littafin makaranta ma ya isa a fara.

Sannan lambobin waya da na asusun banki da ke hannunku amanar mutane ce. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tattara. Kafin ku miƙa wa wani kamfani littafinku, ko ni kaina, ku nemi a rubuce inda za a adana shi, da wanda zai iya buɗe shi, da ranar da za a goge shi idan aiki ya ƙare.