Laƙuban Matan Sarauta a Ƙasar Hausa da na Ƙasar Holan

Wanda ya halarci biki a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni zai ji maroƙa suna kiran amarya "gimbiya", ko da kuwa ubanta ɗan tireda ne. A fada ba haka abin yake ba, domin kowane laƙabi da mai shi. Wannan maƙala za ta gwama laƙuban matan sarauta na Hausa da na Holan, don a ga inda mai fassara zai iya yin tuntuɓe.

A Kano, gimbiya 'yar sarki ce, matar sarki kuwa "Fulani" ake ce mata. Mahaifiyar sarki ita ce Mai Babban Ɗaki. Uwar Soro na lura da al'amuran cikin gida, jakadiya kuma ita ke kai saƙo tsakanin sarki da iyalinsa. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa da Iya Lamis, watau kakar Sarki Kisoke da mahaifiyarsa, a cikin masu faɗa a ji na zamaninsa. A Daura akwai Magajiya, a Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, wadda aka sani da shugabancin 'yan bori. Abin lura shi ne yawancin waɗannan laƙuba muƙamai ne: naɗa mace ake yi, a ba ta aiki da mabiya.

A Holan kuwa, in aka ɗebe gidan sarauta kansa, laƙabi asali yake nunawa, kuma ta wajen uba ake gadonsa. Akwai gravin da barones, sannan jonkvrouw, wadda ke nuna 'yar babban gida ce kurum. Matar mai laƙabi takan ari na mijinta bisa al'ada. Wata majalisa da aka kafa a 1814 ita ke tsare rajistar gidajen. Babu ƙasa ko talakawa da laƙabin ke bai wa mai shi a yau.

Saboda haka prinses ta yi daidai da gimbiya, koningin kuma da sarauniya, sai dai a nan ma akwai tarko. Wilhelmina da Juliana da Beatrix, waɗanda suka riƙe gadon daga 1890 zuwa 2013, sarauniyoyi ne masu mulki irin Daurama da Amina. Máxima kuwa, ko da yake koningin ake kiranta, matar sarki ce, watau Fulani. Mafi kusa da Mai Babban Ɗaki ita ce Emma, wadda ta riƙe wa 'yarta Wilhelmina mulki daga 1890 zuwa 1898, ake ce mata koningin-moeder. Magajiya da Inna da Iya ba su da takwarori sam, kuma wanda ya fassara Iya da barones ya zubar da aikinta ya bar suna.

Wajen gaisuwa ma an bambanta. A Holan kowane mataki da kalmarsa: Majesteit ga sarauniya, Koninklijke Hoogheid ga gimbiya, Hooggeboren Vrouwe a bayan wasiƙar gravin, freule ga budurwa 'yar asali. Bahaushe addu'a yake yi: "Ranki ya daɗe", "Allah ya taimake ki". Kalmomin ba su cika sauyawa ba. Tuɓe takalmi da durƙuso da sassauta murya su ke nuna girman wadda ake gaisarwa.