DARASIN WANNAN WATA: Jona Kayan Sauti da Wayar Ƙari

Darasinmu na wannan wata ya shafi wani ɗan abu da ake rainawa, alhali kuwa yana iya ƙone gida ƙurmus. Wannan abu shi ne wayar ƙari, wadda 'yan kasuwa ke kira ekistenshan. Da wuya ka shiga gidan da ke da lantarki ko janareta ba ka tarar da ita ba. Soket ɗaya ne a bango, ga rediyo, ga talabijin, ga amfilifaya mai tura sauti zuwa lasifika. Ranar suna ko biki kuwa, sai a jawo ta daga ɗaka har ƙofar gida. To, yaya za mu more ta ba tare da ta jawo mana hasara ba?

Waya ma tana da iyakar kayanta

Kowane manomi ya san iyakar mangalar da jakinsa ke iya ɗauka. To, haka waya take. Idan aka ɗora mata wutar da ta fi ƙarfinta ba za ta yi kuka ba, sai dai ta ɗau zafi, robar jikinta ta narke, daga nan sai gobara.

Akwai kalmomi uku da ya kamata mu riƙe. Na farko bolt, alamarsa V, wato ƙarfin da ke tura wutar. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Na biyu amfiya, alamarta A, wato yawan wutar da ke bin cikin waya. Na uku wat, alamarsa W, wato yawan wutar da na'ura ke ci. Idan ka ninka bolt da amfiya sai ka sami wat. Misali, fulogi mai ƙafa uku irin wanda muke amfani da shi iyakarsa amfiya 13 ne. Ka ga 230 sau 13 ya ba mu 2,990, wato wajen wat 3,000.

Amma ba kowace waya ke kai wannan ba. Akan rubuta kaurin jan ƙarfen cikinta a jikin robar. Wadda aka rubuta wa 0.75 amfiya 6 take ɗauka, wato wat 1,380. Mai 1.0 tana ɗaukar amfiya 10, mai 1.25 kuwa amfiya 13.

Mu yi lissafi

Juya bayan kowace na'ura, kusa da inda wayarta ta fito, za ka ga lamba tare da harafin W. Wannan ita ce ta gaskiya. Kada ka ruɗu da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali tare da haruffan PMPO, waɗannan na talla ne.

A ɗauka wani magidanci yana da amfilifaya mai wat 300, da talabijin mai 100, da fanka mai 70, da na'urar faifai mai 30. Jimla wat 500 ke nan, amfiya 2 da 'yan kai. Ko siririyar waya mai 0.75 za ta ɗauke su lafiya lau. Sai uwargida ta ga rami ɗaya ya rage, ta jona dutsen guga mai wat 1,200. Yanzu jimla ta koma 1,700, fiye da amfiya 7. An wuce ƙarfin wayar. Idan kuma fis ɗin da ke cikin fulogi mai amfiya 13 ne, ba zai tsinke ba, wayar ce za ta yi ta dahuwa. Ashe ba kayan sauti ne ke kashe waya ba, abokan zamansu ne. Saboda haka dutsen guga da hita da butar lantarki a kai su soket ɗin bango kai tsaye.

Tsawon waya

Gwargwadon tsawon waya da sirantarta, gwargwadon raguwar ƙarfin wutar da ke isa ƙarshenta. A inda wutar ke zuwa da rauni tun asali, sai ka ji sauti na shaƙewa idan an ƙara murya, ko amfilifaya ta riƙa ɗaukewa. Maganin wannan shi ne waya guda, mai kauri, daidai tsawon da ake bukata. Kada a jona wayar ƙari a kan wata wayar ƙari. Idan mai naɗi ce a kan gargare, a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya mai nauyi, domin naɗaɗɗiyar waya ba ta samun iskar da za ta huce.

Abubuwan kiyayewa

1. A sayi waya mai jijiya uku. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce mai mayarwa, mai kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa. Ta ukun nan ce ke kare ka idan wuta ta zubo wa jikin ƙarfen amfilifaya ko makirfo.

2. Kada a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da ashana. Kada kuma a jawo wutar gida da siririyar wayar lasifika.

3. Idan fis ya tsinke, a nemi dalili, a sa sabo daidai ƙarfin wayar. Kada a maye gurbinsa da guntun ƙarfe ko takardar kwalin taba.

4. Kada a bi da waya ƙarƙashin tabarma ko katifa, ko ta jikin zana da jinka, musamman da hunturu. Da damina a ɗage ta daga ƙasa, nesa da ruwa da hannun yara.

5. A raba wayar wuta da wayar makirfo. Idan suka kwanta tare sukan haifar da gurnani a lasifika.

6. A rage murya, a kunna amfilifaya daga ƙarshe, a fara kashe ta. In an ɗauke wuta a zare fulogi, domin wani lokaci takan dawo da ƙarfi.

7. Kayan da aka yi don Amurka bolt 120 suke sha. A duba bayansu kafin a jona.

In ka taɓa waya ko fulogi ka ji zafi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe nan take ka kira mai gyaran wuta. Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe makunni, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda, sannan a garzaya da shi asibiti. Gobarar lantarki kuma ba a zuba mata ruwa. A yanke wutar tukuna, a watsa yashi. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi don ajin manya

1. Wat nawa waya mai amfiya 10 za ta ɗauka a bolt 230?
2. Me ya sa ake warware naɗaɗɗiyar waya?
3. Rubuta wat ɗin na'urori uku na gidanku, ka haɗa jimlarsu.

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.