Ikon Mara Lafiya A Kan Jikinsa, Da Inda Ikon Nan Ya Tsaya

Yawancin mutanenmu in za su shiga asibiti sai su ajiye bakinsu a ƙofa. Likita ya ce kwanta, a kwanta. Ya ce kawo hannu, a miƙa. A ba mutum ƙwayoyi iri uku ya fito bai san ko sunan cutarsa ba, yana ganin rashin ladabi ne ya tambaya. To, ladabi abu ne mai kyau, amma dokar Nijeriya ba ta ɗauki mara lafiya kamar gungumen da aka kai wa masassaƙi ba. Ta ɗauke shi mutum ne mai hankali, wanda a ke yi wa bayani, a kuma nemi yardarsa. Mu da za mu fita daga kwalejin nan a danƙa mana 'ya'yan mutane, waɗansu ma a makarantun kwana inda iyaye ke nesa, ya kamata mu san wannan iko, mu kuma san iyakarsa.

Babbar dokar da ta shafi wannan magana ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu cikin 2014. Sashe na 23 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin ya gaya wa mara lafiya halin da ya ke ciki, da irin magungunan da a ke iya yi masa, da amfanin kowanne da haɗarinsa da kuɗinsa. Sa'an nan ya gaya masa yana da iko ya ƙi, ya kuma bayyana masa abin da ƙin zai jawo. Har wa yau dokar ta ce a yi bayanin nan, gwargwadon iko, cikin harshen da mutumin ke ji, a kuma duba ko ya iya karatu ko bai iya ba. Watau in aka zuba wa tsohuwa Turanci, aka dangwala yatsanta a takarda, an dai sami tawada a takarda, amma ba a sami yardarta ba. Sashe na 20 kuwa ya hana a ƙi taimakon wanda ya zo a halin gaggawa saboda kowane dalili, wanda ya ƙi kuma ana iya cinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Sashe na 26 ya ce labarin cutar mutum asiri ne.

Kada a ce wannan maganar takarda ce kawai. Cikin 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu daga cikin waɗanda aka ba sabon maganin, waɗansu daga waɗanda aka ba tsohon. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi, kamfanin ya ce an gaya musu da baki. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Amma ɓarnar ba ta tsaya a nan ba, domin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano cikin 2003, labarin nan yana cikin abin da mutane suka riƙa tunawa.

Yanzu ga tambaya mai wuya. In an yi wa mutum bayani sarai, ya ji, ya gane, ya ce shi ba ya so, kuma likita ya san ƙin nan zai kai shi kabari, yaya ke nan? Kotun Ƙoli ta amsa wannan cikin 2001. Asalin maganar kuwa cikin 1991 ne. Wata mace mai bin ɗarikar Shaidun Jehobah, waɗanda addininsu ya hana su karɓar ƙarin jini, ta kamu da rashin lafiya bayan haihuwa. Asibitin farko suka ce sai an ƙara mata jini, ta ƙi, suka sallame ta. Aka kai ta wani asibiti a Inugu, wurin Dokta Okonkwo, aka nuna takardar da ta sa wa hannu cewa ko da ranta zai fita kada a sa mata jinin kowa. Mijinta ma ya sa hannu. Likitan ya ci gaba da yi mata irin maganin da ta yarda da shi, bayan 'yan kwanaki ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta same shi da laifi, ta dakatar da shi wata 6. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar. Dalilinta shi ne, Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin addini da 'yancin tafiyar da al'amuran kansa, saboda haka baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani ko da maganin ne zai ceci ransa, likitan da ya bi maganarsa kuwa bai yi laifi ba.

Lalle wannan hukunci yana da ɗaci. Da yawa cikinmu, Musulmi da Kirista, za su ce rai amana ne, ba a wasa da shi, kuma ga jariri an bari ba uwa. Gaskiya ne. Amma ku dubi abin da zai faru in aka buɗe ɗaya ƙofar. Ranar da aka ba likita ikon danne baligi ya yi masa abin da ya ga ya fi, ran nan aka ba shi ikon yanke ƙafar manomin da ya ce a bar masa ƙafarsa, da ɗaure mahaifar matar da ya ga 'ya'yanta sun yi yawa. Ni a ganina kotu ta zaɓi ƙaramar hasara. Abin da ya rage wa likita da dangi shi ne lallashi da bayani, su yi ta yi har inda ƙarfinsu ya ƙare.

A nan akwai wani abu da ya kamata 'yan'uwanmu mata su riƙe. An saba a asibitoci da yawa, in za a yi wa mace fiɗa wajen haihuwa, sai a zauna jiran miji ya zo ya sa hannu, wani lokaci yana kasuwar wani gari. Shawara da miji da dangi al'ada ce mai kyau, ba mai cewa a bar ta. Sai dai mara lafiya shi dokar ta ambata, mace baliga mai hankali kuwa ita ce mara lafiyan. Hannunta ya isa.

To, ikon nan na baligi a kan jikinsa ne kaɗai, bai kai ga jikin ɗansa ba. Cikin 1997 aka kai wani jariri ɗan wata guda asibiti a Ikko, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce in ba a ƙara masa jini ba zai mutu. Uwar, ita ma mai bin ɗarikar nan, ta ce ba ta yarda ba. Aka kai magana ga 'yan sanda, su kuma suka samo izini daga kotun majistare, aka ƙara wa yaron jini, ya warke aka sallame shi. Uwar ta kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke cikin 2019 cewa abin da aka yi daidai ne. Baligi ya san abin da ya zaɓa, jariri kuwa bai zaɓi kome ba, saboda haka hukuma ce za ta tsaya masa har ya girma ya zaɓa da kansa. Ku lura fa, likitan bai yi gaban kansa ba, sai da ya bi ta hanyar kotu.

Iyaka ta biyu ita ce lafiyar sauran jama'a, kuma babu misalin da ya kai na Ebola. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani ma'aikacin Gwamnatin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin sama na Ikko zai wuce Kalaba taro. Ciwo ya kayar da shi tun a filin jirgin, aka kai shi asibitin First Consultants a Obalende. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ita ce ta yi zargin Ebola ce, alhali kuwa ba a taɓa ganin cutar a Nijeriya ba. Mutumin ya matsa sai an sallame shi, jami'an ƙasarsa su ma suka matsa, ita kuwa ta ce ba inda za shi. Ya mutu ran 25 ga Yuli. Ita kanta ta ɗauki cutar, ta rasu ran 19 ga Agusta. Duka duka mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka mutu, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar, ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cutar ta ƙare a Nijeriya. Ku tuna wannan a birni ne mai miliyoyin mutane, kullum motoci na fita daga cikinsa zuwa kowane lungu na ƙasar. Wanda ya ke so ya san abin da sallamar za ta jawo, ya dubi Fatakwal: mutum ɗaya tak daga cikin waɗanda a ke lura da su ya sulale ya tafi can, ta hanyarsa cutar ta kama likitan da ya duba shi a ɓoye, likitan ya mutu.

Shin Dokta Adadevoh ta take hakkin mutumin nan? Ta dai hana shi abin da ya ke so. Amma Tsarin Mulki na 1999, cikin sashe na 35, wanda shi ne ya ba kowa 'yancin kada a tsare shi, shi ne kuma ya yarda a tsare mai cuta mai yaɗuwa bisa ga doka, domin a yi masa magani ko a kare jama'a. Ashe bambancinsa da matar Inugu a fili ya ke. Ita ƙin da ta yi a kanta ya ƙare, shi kuwa fitarsa za ta hau kan fasinja da direba da mai sayar da abinci waɗanda ba wanda ya tambaye su.

Saura mu malamai. Dokar Hakkin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, watau kusan dukan waɗanda za mu koyar. Malami ba uba ba ne, ba kuwa likita ba ne, saboda haka ba shi da ikon sa hannu a yi wa ɗan wani fiɗar da za ta iya jira, ba shi kuma da ikon ciro ragowar ƙwayoyinsa daga aljihu ya ba yaro don ya ji ya ce kansa na ciwo. Amma in yaro ya faɗo daga itace ya karye, ko maciji ya sare shi a gonar makaranta, ba a zaman jiran uba. A ɗauke shi sai asibiti, a aika wa iyaye ana tafe, in kuwa wani a can ya ce sai an biya kafin a taɓa shi, a tuna masa da sashe na 20 cikin ladabi. In ƙyanda ko sanƙarau ta ɓulla a ɗakin kwana, a ware mai ciwon nan da nan, a sanar da ma'aikatan lafiya, ko da iyayensa manya ne a gari, ko da kuwa jarrabawa gobe ce.

Inda muka fi yin tuntuɓe shi ne wajen asiri. Sau da yawa uwa ta kan ja malami gefe ta gaya masa ɗanta yana da farfaɗiya, ko sikila, ko yana shan maganin ƙanjamau, don ya sa ido a kansa. Kafin mako ya zagayo an ji a ofishin malamai, daga nan sai a bakin 'yan aji, yaro ya wayi gari ba mai cin abinci tare da shi. Dokar da aka yi cikin 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau, makarantu ma suna cikin inda ta shafa. Farfaɗiya kuwa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, ko da ya ke har yanzu waɗansu suna gudu in sun ga mai ita ya faɗi. Waɗanda ya kamata su sani su ne hedimasta, da mai kula da ɗakin kwanan yaron, da nas ɗin makaranta in akwai, kuma da sanin iyayen.

Waɗanda za su fita gwajin koyarwa a zangon nan, tun ranar farko su tambayi hedimasta inda akwatin magani ya ke da wanda ke riƙe da mabuɗinsa, da asibitin da ya fi kusa, da littafin da aka rubuta yadda za a sami iyayen kowane yaro. In an ce babu littafin, su nemi izini su buɗe ɗaya, ko da na ajinsu kaɗai ne.