Daga Yendi zuwa Wa: nisa da lokacin tafiya

Salaga da Yendi da Bawku garuruwa ne na arewacin ƙasar Gana. A kowane ɗayansu akwai zangon Hausawa. A zamanin da, fatake suna tasowa daga Kano da jakunansu, su bi ta Yendi, su sauka Salaga don sayen goro. Tsakanin Kano da Salaga ya fi kilomita 1,000. Ayari yakan yi watanni a hanya, har aka saba 1892, shekarar da yaƙin basasa ya watse kasuwar Salaga.

A yau Yendi tana da ƙaramin filin jirgin sama. Garin Wa, wanda yake yamma da ita, shi ma yana da nasa. In marar lafiya yana Yendi ana so a kai shi Wa da gaggawa, yaya za a san lokacin da tafiyar za ta ci?

Da farko sai a auna nisa. Hanyar mota tana kewaye-kewaye. Daga Yendi sai ta bi ta Tamale, ta ƙetare kogin Volta, sannan ta isa Wa. Tsawonta ya kusa kilomita 400. Shi kuwa jirgin sama babu ruwansa da kogi ko gada, miƙe yake tafiya kamar tsuntsu. In aka ɗora zare a kan taswira daga Yendi zuwa Wa, za a sami wajen kilomita 280.

Na biyu sai a san gudun abin hawa. Ga ƙa'idar: a raba nisa da gudu, sai a sami lokaci.

A ce ƙaramin jirgi yana cin kilomita 240 a awa guda. Awa guda minti 60 ce, ke nan yana cin kilomita 4 a kowane minti. In aka raba 280 da 4, sai a sami 70. Jirgin zai yi minti 70, wato awa 1 da minti 10. Mota mai cin kilomita 50 a awa kuwa sai ta yi awa 8 kafin ta gama kilomita 400.

Amma lissafin takarda bai ƙare magana ba. In iska tana bugun jirgi daga gaba, gudunsa yakan ragu. In ta fito daga baya, sai ta tura shi. Tashi da sauka ma suna cin lokaci. A lokacin hunturu kuma hazo yakan rufe fili, matuƙi ya kasa ganin ƙasa, tilas a jira. Saboda haka matuƙi yakan ɗauki mai fiye da abin da lissafi ya nuna.

Tambayoyi

1. Me fatake suke zuwa saye a Salaga?
2. Don me hanyar jirgi ta fi ta mota gajarta?
3. Faɗi abu biyu da suke ƙara wa jirgi lokaci.

Lissafi

1. Daga Yendi zuwa Bawku a miƙe wajen kilomita 180 ne. Minti nawa jirgin nan zai yi a sama?
2. Daga Salaga zuwa Yendi a miƙe wajen kilomita 110 ne. In ayari yana cin kilomita 22 a rana, kwana nawa zai yi?