Idan Hoton Sama Yana Rawa, Fara Duba Farfela

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da taro, kuma 'yan shekarun nan rabin kiran da ake yi mini na hoton sama ne, da ɗan jirgin nan marar matuƙi da muke ce wa duron. Da wuya mako ya wuce wani cikin yaran da suka shigo harkar bai turo mini bidiyo ta WhatsApp ba, yana cewa, "Oga, taimaka ka duba, kamar kyamarata ta samu matsala." In na buɗe sai in ga katanga tana lanƙwashewa tana miƙewa, turken wuta yana rausaya kamar kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana. Amsata ba ta cika canzawa ba: kyamara lafiyarta ƙalau, turo mini hoton farfelolinka.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan darasi. An taɓa ba ni aikin wani ɗaurin aure, aka ce ana son a ga taron tun daga sama, jerin motoci da cincirindon jama'a a ƙofar gida. Ana gobe aikin ina gwaji a unguwa sai jirgin ya ɗan gogi reshen darbejiya. Bai faɗi ba. Na sauke shi na jujjuya, na ga ɗan ɓalli a bakin farfela ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba, na ce wannan ai ba komai. Ranar biki hoto a fuskar waya tas yake. Sai da na dawo shago na zuba a kwamfuta na ga hasumiyar masallacin unguwar tana karkarwa kamar mai jin ɗari. Na kwana ina neman gyara a wajen tacewa, a banza. Da Alhajin da ya ba ni aikin ya zo karɓa ya kalla ya ce, "Malam, girgizar ƙasa aka yi ne ranar?" Dariya muka yi, amma kuɗin hoton sama ban karɓa ba.

Abin da ke faruwa ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Duk wanda ya kwana a ɗaki mai fankar sama da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe ya san yadda take girgiza silin. Haka direba ya san yadda sitiyari ke rawa in taya ba ta daidaita ba. To farfelar duron ta fi su gudu nesa ba kusa ba. A ce inji yana juyawa sau 6,000 a minti, sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane juyi ɓangaren da ya fi nauyi yana fizgar hannun jirgin. Ita kuma kyamarar irin waɗannan jiragen, mai na'urar CMOS, ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda. Layi-layi take karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta kai layin ƙasa jirgin ya riga ya motsa dama ya dawo hagu, sai miƙaƙƙen abu ya fito a karkace.

Wani zai ce, to gimbal fa, wato abin da ke riƙe da kyamarar, me yake yi? Gimbal yana gyara manyan motsi ne, kamar in iska ta karkata jirgi ko ka juya shi. Wannan 'yar karkarwa mai sauri ta fi ƙarfinsa. Aikin tare ta yana kan ƙananan robobin da aka rataye shi a jikinsu, su ma iya abin da za su iya sha ke nan.

Saboda haka daga farfela nake farawa, kullum. Kafin in tashi jirgi sai na bi bakin kowace da farce, domin farce yana jin abin da ido bai gani ba. Ɓalli, tsagewa, ɗan lanƙwasa a ƙarshe, busasshen ƙwaro da ya manne, duk suna ɓata daidaito. A ƙananan jiragen DJI irin su Mini, fiffike biyu ne a kan kowane inji, kuma kamfanin da kansa ya ce in za a canza a canza biyun tare, daga leda ɗaya, da sababbin sukurori. Na ga masu cire ɗaya su haɗa sabo da tsoho don tsimi. Tsimin da ke cinye kuɗin aiki guda ban ga amfaninsa ba. Farfelolin bogi masu araha kuwa, wasu tun daga kwali nauyinsu bai zo ɗaya ba. Masu haɗa jirginsu da kansu, masu farfela guda mai rami a tsakiya, suna iya ɗora ta a kan sandar gwaji su ga ɓangaren da ke rinjaya ƙasa, sai su liƙa ɗan guntun salatif a ɗaya ɓangaren har ta tsaya a kwance.

Inji shi ne inda yanayinmu ya fi cutar da mu. A cikinsa akwai maganaɗisu, yashi kuma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe. Ka tashi jirgi daga filin makaranta ko filin idi da hunturu, iskar farfela ta tayar da ƙura, injin ya zuƙe rabonsa. Cire farfela, ka juya kowane inji da yatsa a hankali, ka kwatanta huɗun. Wanda ka ji yana ƙaras-ƙaras ko yana ɗan cijewa, akwai yashi a ciki ko boris ya fara ci. Buroshi mai laushi da robar hura iska ta masu kyamara sun isa share shi, kada ka zuba masa man inji don man kan ƙara kama ƙura. Ni dai yanzu da wani ɗan falanki nake yawo a bayan mota, a kansa nake tashi a kansa nake sauka. Mutane na yi mini dariya, na saba.

Robobin gimbal kuma zafi ne maƙiyinsu. Jirgin da ke wuni a but ɗin mota a watan Afrilu robobinsa kan bushe su tsattsage, ko ɗaya ta zame daga mazauninta ba ka sani ba. Leƙa su da fitilar waya. Sannan a riƙa cire murfin gimbal kafin a kunna, a mayar bayan an kashe.

Akwai kuma batun rana, wanda yawancin yaranmu ba su lura da shi ba. In ka bar kyamara ta zaɓi komai da kanta da azahar, don kada hoto ya ƙone sai ta kai gudun shota 1/1000 ko fiye, tun da yawancin ƙananan jiragen ba a iya tsuke musu idon kyamara. A irin wannan gudun kowace 'yar karkarwa fitowa take ɓaro-ɓaro. Ƙa'idar da muke bi ita ce a ninka adadin firam: mai ɗauka a firam 25 a daƙiƙa ya sa shota a 1/50, mai 30 ya sa 1/60. Hakan ba ya yiwuwa a ranarmu sai da gilashin ND, wato tabarau na kyamara. ND16 yana rage haske ya koma kashi ɗaya cikin 16, shi ke sauko da kai daga 1/800 zuwa 1/50. Da rana tsaka ND32 ko ND64 nake sawa. Sai dai a gane, ND lulluɓe rawar yake yi, farfelar da ta ɓalle tana nan a ɓalle.

Haka manhajojin tacewa. Warp Stabilizer na Premiere Pro yana daidaita hoton da ya yi tangal-tangal, amma in hoton ya riga ya karkace a cikinsa sau da yawa ƙara dagula shi yake, ga yanke gefe. Masu tuƙa jiragen FPV da kyamarar GoPro suna da Gyroflow, kyauta ce kuma tana aiki sosai, amma da bayanan motsin da kyamara ta ajiye take aiki, girgiza mai yawa kuwa takan lalata waɗannan bayanan. Su ma in suka ɗora kyamara a kan mazauni mai laushi fiye da kima sai ta riƙa lilo, gara mai ɗan tauri da aka ɗaure tamau.

Sauran kuma hannunka ne. Kada ka sauko tsaye da gudu kana ɗauka, jirgin yana faɗawa cikin iskar da shi ya hargitsa, dole ya yi rawa. Sauko a karkace kana tafiya gaba. In jirginka yana da yanayin Cine sa shi a kai. In kana da zaɓin lokaci, safiya ta fi, kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara kaɗawa. Masu biki ba sa ba ka wannan zaɓin, na sani, ɗaurin aure bayan Juma'a ne ko kana so ko ba ka so.

Abin da nake yi yanzu ana gobe kowane aiki: in fita bayan shago, in ɗaga jirgi kamar tsayin bene, in saita shi kan turken wutar da ke bakin layi, in ɗauki daƙiƙa 20 yana tsaye cak. Sai in cire memori in kalla a babban allo, ba a waya ba. In turken ya tsaya ƙyam, in ɗaure kaya. In ya motsa ko kaɗan, akwai sababbin farfeloli saiti biyu da ƙaramin sukudireba a aljihun jakar.